Yadda Na Kai Dikko Yamai a Ɗaure

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya ga sabon galo a kafaɗata sai ya ce, "Lawali, ba mu labari mana. Da gaske ne a tsakiyar gari kogin yake? Me aka koya muku?" Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ne. To ga labarin, in kun karanta ku ƙyale ni. Karatuna bai yi nisa ba, raina kuma a ɓace yake, sai ku yi haƙuri da rubutun.

An zaɓe ni ne cikin polisan da za a koya wa yadda ake tarar laifin da bai riga ya faru ba. Haka aka ce mana: sojojin da suka karɓi mulki ba su son a riƙa bin ɓarawo a baya, so suke a riga shi. Wanda ya ci jarrabawa zai sami galo, wato igiyar ƙarin girma. Ni kuwa kowa a Damagaram ya san na daɗe ina jiran galon nan.

Ana gobe tafiya Inna ta aika a kira ni. Na tarar da Dikko zaune a zaure. Ga wanda bai san shi ba, Dikko Bafillace ne, shi ke riƙe da shanun Inna tun ina yaro, nononsu na sha na girma. Farin nan ya kashe nasa ya kashe namu, ko maraƙi bai bar masa ba. Matarsa Dado ta bi ƴan'uwanta yamma da yaransu uku tun yunwa na sabuwa, shi kuma ya tsaya da garken har saniya ta ƙarshe ta kwanta. Yanzu labari ya zo masa cewa suna Yamai, a unguwar Lazare, inda ake raba wa masu gudun yunwa jar dawa.

Inna ta ce, "Ka kai shi hannun iyalinsa."

Na ce, "Inna, ba shi da katin shaida. Yanzu duk wanda ba shi da takarda sauke shi ake yi a hanya. Ba a son mayunwata su cika Yamai."

Ta ce, "To kakin da ke jikinka na ado ne?"

Kayan Dikko duka ba su wuce sanda da buta da ƴar tabarma ba, sai dangwali. Dangwali shi ne doguwar igiyar nan mai madaukai da Fulani ke ɗaure maruƙa da ita in za a yi tatsa. Ba a yar da shi, ba a tsallake shi, ko garke ya ƙare ana tafiya da shi, don shi ne alamar cewa shanu za su dawo. Ni Babarbare ne ta wajen uba, saboda haka akwai wasa tsakanina da Dikko. A tasha na ce masa, "Bawana, tashi ka ɗauki akwatin ubangidanka." Ya dubi akwatin ya ce, "Yaushe bawa ya yi akwati? Na wa ka ɗauko?"

Kamyon da muka samu, wato babbar motar kaya, ƙiraga ya ɗauko zuwa Maradi, don a bana ba abin da ƙasarmu ke fitarwa sai fata. A saman ƙiragan muka zauna, wari kamar zai tsaga kai. Kowa ya toshe hanci da rawani, ban da Dikko. Shi sai ɗaga gefen fatun yake yi yana duba shaidar da ke jiki. Can ya ce, "Wannan ta gidan Sambo ce. Ashe shi ma." Muna haka muka iso shingen farko.

Jandarma ya hau yana karɓar takardu. Ya sauke wani tsoho da ɗansa, ya zo kan Dikko. Ban shirya komai ba, bakina ne kawai ya buɗe na ce, "Ɗan kaso ne, mai laifi. Yamai zan kai shi."

Jandarman ya ce, "Ɗan kaso ba ɗauri?"

Ba ni da ankwa. Na jawo dangwalin daga kafaɗar Dikko na zura hannuwansa cikin madauki ɗaya na ja. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Lawali, wannan ba na mutane ba ne." Na yi kamar ban ji ba. Jandarma ya sara mini, aka ɗaga ƙarfe, muka wuce. Da muka yi nisa na kwance shi ina dariya, ina cewa, "Ka ga dabarar Barebari?" Ya shafa igiyar ya naɗe ta, ya ce, "Na gani."

Daga nan abin ya zama al'ada. In mun hango shinge in ɗaure shi, in mun wuce in kwance. A Maradi muka sauka a rumfar tasha muka jira wata mota. Hatsi ya gagari kowa, amma nama banza ne, don kowa na yanka abin da ya rage kafin ya mutu. Na sayi balangu cike da takarda na tura wa Dikko. Ya kau da kai. Na ce, "Ci mana, wa ya sani ko ta Sambo ce." Wasa nake nufi. Ya tashi ya koma inuwar wata mota ya dama gari da ruwa ya sha. Ni na cinye naman, ban bi shi na ba shi haƙuri ba.

A Ƙonni, da yake iyaka na kusa, ƴan duwan, masu binciken kaya, suka tsare mu rabin yini. Suna soka tsinken ƙarfe cikin kowane buhu suna neman hatsin da ake fitarwa a ɓoye, har ƙunshin wata tsohuwa mai kuka da daddawa sai da suka soke. Mutanen motar sababbi ne, ba su san wasan da muke yi ba, ɗaurin kawai suka gani. Wata mata ta janye ƙullinta daga kusa da Dikko. Da aka tashi sallar azahar wani mai babbar riga ya ƙi tsayawa kusa da shi a sahu. Ni kuwa direba ya kira ni gaba, aka kawo mini shayi ban biya ba, ana tambayata, "Shef, me ya yi?" Da na ce ba a faɗa, da ya wadatar. Sai na ce, "Ɓarawon shanu ne, babba." Daɗin kujerar gaba ne ya sa na faɗi haka, ba wani abu ba. Dikko na saman kaya cikin rana.

Bayan Dogondutsi harshe ya fara juyewa. A Doso mai tuwo ta ce mini "fofo", na tsaya ina kallonta kamar wawa, sai direba ya ce gaisuwa ce, in mayar mata da ita. Zabarmawa na kiran fura donu, nasu kuma a bana ba nono, kamar tamu.

Shingen shiga Yamai ya bambanta da sauran. Akwai wani ajidan, babban jandarmomin wurin, mai farin gashi, ba ya ihu, ba ya gaggawa. Ya dubi ɗaurin ya ce, "Ina takardar rakiya?"

Na ce an manta da ita a Damagaram, za a aiko.

Ya ce, "To ba a yawo da ɗan kaso cikin babban birni. Ga mota nan za ta komisariya, a ajiye shi can har takardar ta iso."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, sai na tuna da safe za a fara karatu, na ga ana rubuta sunana cikin waɗanda suka yi wa hukuma ƙarya, na ga galon ya tafi. Na rufe bakin. Dikko ya ɗauka duk cikin dabarar ce. Yana hawa motar ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Bawana, kar ka daɗe."

Masu tambayar kogi, i, na gan shi. An ce ya janye ƙwarai, tsibiran yashi sun fito, amma ga mutumin Damagaram da ke kwana a layin rijiya abin takaici ne. Na ga ana wanke mota a ciki. Raƙuma na tsallaka gada daga Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, ɗauke da itace, motocin manya na bin su a baya suna ta oda. An sauke mu, mu da muka zo karatun, a wani dogon ɗaki mai gadajen ƙarfe. Ana ba mu shinkafa da rana, shinkafa da dare, wani lokaci da kifi. A bakin titi mata na sayar da kwaɗon zogale da suke kira kopto, shi ya fi mini kama da abincin gida. Mutanen garin ba su tsayawa doguwar gaisuwa, kafin ka tambayi gajiya an wuce ka.

Maƙwabcin gadona wani Bazabarme ne mai suna Hamani, yana jin Hausa sarai. Shi kaɗai na gaya wa abin da na yi. Ya ce, "Kai mahaukaci ne? Je ka fito da shi yau." Muka je komisariyar tare. Birgadiyen da ke tsaron ɗakin ya ce, "Mutuminka ba a rubuta masa laifi ba, saboda haka ba ni da abin da zan soke in sake shi. Wanda ya kawo shi ya je ya gaya wa kumandan da bakinsa." Na miƙa wa Dikko burodi ta tsakanin ƙarafa. Ya ce, "Lazaren nan da nisa?" Na ce ba nisa, ya ƙara haƙuri, ana shirya takarda. A hanya na ce wa Hamani zan ga kumandan da zarar an gama jarrabawa. Ya tofar da yawu ya yi gaba ya bar ni.

Yanzu ga abin da aka koya mana. Malaminmu wani komiser ne matashi da ya dawo daga karatu a waje, takalminsa kullum na ƙyalli. Yana haska majigi a bango. Ya koya mana yadda ake magana da wanda ya yi fashin jirgin sama. Mu da keken ofishinmu ya shekara ba taya! Ya koya mana gane takardar banki ta jabu, alhali ni ban taɓa riƙe ta gaskiya ba. Ban ce duka banza ne ba. Yadda ake kiyaye sawu a wurin da aka yi ɓarna, da yadda ake ɗaukar zanen yatsa, waɗannan na ƙaru da su. Amma babu ranar da aka yi maganar buhunan taimako da ke shiga sito su fito a kasuwa. Wani daga Tawa ya ɗaga hannu ya tambaya, aka ce wannan ba ya cikin darasi. Laifin da kowa ke gani da ido ba ya cikin darasi, na jirgin sama ne ke ciki.

Wata safiya komiser ya ce yau zai nuna mana haɗarin da ya fi kowane girma. Ya ce mutanen da suka rasa komai suna kwararowa birni, kuma daga cikinsu ɓarayin gobe za su fito. Ya ce ya samo mana misali mai rai. Aka buɗe ƙofa aka shigo da Dikko.

Ya rame, an aske masa kai. Komiser ya ɗaga dangwalin sama da bakin sanda, kamar wanda ya kashe maciji. Da Faransanci ya ce, "Ku dubi madaukan nan. Mutumin da ba shi da ko akuya, me zai yi da igiyar ɗaure dabbobi da yawa a lokaci guda? Mai yiwuwa bai yi satar ba tukuna. Amma zai yi. Aikinku ke nan, ku gane shi kafin ya yi."

Aka duƙa ana rubutawa. Wallahi fiye da rabin ajin ƴan ƙauye ne, sun san dangwali kamar yadda suka san turmin uwarsu. Babu wanda ya ɗaga kai. Har yau in na tuna ƙarar alƙaluman nan sai haushi ya kama ni, kuma nawa alƙalamin na ciki.

Dikko ba ya jin Faransanci. Ya bi fuskoki har ya gano tawa, ya ce da Hausa, "Lawali, me yake cewa?"

Na ce, "Yana yaba igiyar."

Ya ce, "Gaya masa ubana ne ya tufka ta."

Komiser ya juyo ya ce, "Ka san shi?" Na miƙe na ƙame na ce, "Ni na kawo shi, Shef." Ya ce a tafa mini. Aka tafa. Ya ce ga irin idon da ƙasa ke bukata. Hamani ne kaɗai ya naɗe hannu a ƙirji, daga ranar kuma ya janye gadonsa daga kusa da nawa.

Jarrabawar ƙarshe a fili aka yi ta. Aka zuba mu a motoci aka kai mu bakin kasuwar Lazare, aka ce mu nuna abin da muka koya. Duk wanda ke riƙe da tabarma, duk wanda ba shi da takarda, duk wanda ya gudu da ya ga kaki. To wane ne ba zai gudu ba? Na kama mutane, ban tsaya baya ba. Na kama wani dattijo da ke sayar da ƴan itatuwa, na kama wani Buzu da ya zo neman magani. Ina kamawa ina addu'ar kada in ci karo da Dado. Na ci jarrabawa da kyau.

Washegari da safe, galon na aljihuna, na je ofishin kumandan. Na tarar yana ɓare gyaɗa. Na faɗi komai tun daga shingen farko, ina jiran ya ce in ajiye kaki. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Don wannan kake ta gumi? Kowa na da Bafillacensa. Je ka ɗauki naka."

Shi ke nan. Abin da na ji tsoro makonni bai ɗauke shi lokacin ɓare gyaɗa ɗaya ba. Da na zo masa a ranar farko, haka zai yi dariyar nan.

Na ruga komisariya na tarar da ɗakin wayam, ana share shi. Birgadiye ya ce, "Kamen da kuka yi jiya ya cika mana wuri, ba inda za a sa ƙafa. Aka kawo motoci da la'asar aka kwashe su duka, a mayar da kowa garinsu. Naka ya ce shi na gabas ne, aka sa shi a ta gabas." Na tambayi igiyar. Ya ce komiser ya riƙe ta don ajin da ke tafe.

Na cire kaki na sa riga na shiga Lazare. Bayan kasuwar bukkoki ne na tabarma da kwali, har iyakar gani. Na yi ta tambayar Fulanin da suka zo daga Damargu, yankin su Dikko, har aka nuna mini. Dado na zaune tana tsince tsakuwa daga jar dawa. Yara biyu na gani, na ukun ban tambaya ba. Ta gane ni, ta tashi da murna ta ce, "Ɗan Inna! Kai ne a Yamai? Ina labarin baban yara?"

Na faɗa mata a tsaye. Ban rage komai ba, har ajin, har tafin. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce, "Tun yaushe yake garin nan?" Na faɗa. Ta dubi wajen da na nuna mata komisariya take, ta ce, "Nan da can?" Sai ta juye dawar a ƙwarya ta fara naɗe tabarma. Ta ce, "Zai je gida ya tarar ba kowa. Ka kai mu."

Muka kama hanya tare. Abin da zai ba ku haushi, a komawar nan babu shinge ɗaya da aka tambaye ta takarda. Mayunwaci in yana fita daga Yamai ba ya bukatar shaida, ɗaga masa ƙarfe ake yi da sauri.

A Doso motarmu ta tsaya shan ruwa. Na je wurin mai tuwon nan na ce fofo, na tambaye ta ko motocin da ake mayar da mutane sun biyo. Ta ce sun biyo, a nan ma suka sha ruwa. Na kwatanta mata Dikko. Ta ce, "Dogon Bafillacen nan mai aski? Ai bai koma motar ba. Ya ɓoye bayan rumfata har suka tashi. Ya tambaye ni ina yamma, ya ce iyalinsa na Yamai. Na ce masa hanya akwai jandarma, ya ce ta daji zai bi."

Dado na tsaye bayana, ta ji komai. Ta koma motar ta sauke ƙwaryarta da tabarmarta, ta goya ƙaramin, ta riƙe hannun babban.

Na ce, "Tsaya mana. Bari in sa kaki in koma da ke. Yanzu ina da galo, ba wanda zai tare mu."

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Ba ki da takarda, ga yara. Don Allah bari in raka ki."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ka riga ka raka ɗaya."

Ta tsallaka titi ta bi bayan rumfunan, ta nufi inda mai tuwo ta nuna. Direba na ta danna oda. Na tsaya har na daina ganin ƙwaryar, sannan na hau.

Har yau ba mu ji labarinsu ba. Duk wanda zai je Yamai cikinku, don Allah ya biya ta Lazare, bayan kasuwa, ya tambayi Fulanin Damargu ko Dikko ya iso, ko Dado ta same shi. Amma kada ya je da kaki, kuma kada ya ce ni na aiko shi.